Garwashin da Na Hura a Kan Dutse

Guangzhou, Juma'a, cikin watan Agusta, 2008

Zuwa ga Zulaiha, matata, sanyin idona, inuwata idan rana ta take, ruwan randar da ban san daɗinsa ba sai da ƙishi ya kama ni.

Assalamu alaikum. Yayanki Umar Faruƙ ya iso garin nan sayen kaya. Yau da aka sallame Juma'a a Masallacin Huaisheng ya ja ni gefe, ya sunkuyar da kai, ya ce kin aiko shi ya karɓo miki takardarki. Innalillahi! Gari ya cika da tutoci ana murnar wasannin Olamfik, 'yan sanda na bin unguwanni suna duba fasfo, rabin mutanenmu sun tattara sun tafi saboda biza ta gagara, amma wallahi duk cikin wannan babu abin da ya tayar mini da hankali irin kalma ɗayan nan. Takarda, Zulaiha? Da wane hannun zan rubuta ta?

Kin tuna ranar da na kai ki Nansha ganin motar? Abdul-Rauf, mutumin Gana mai lodin kwantena, shi ya haɗa ni da ita bayan wanda ya yi odarta ya fasa. Mota da gado a ciki, da murhu, da wurin alwala! Kika zagaya ta, kika riƙe haɓa, kika ce na sayo miki akurki mai taya. Amma wa ya ɗinka labulenta? Wa ya fara shimfiɗa darduma a ciki? Kuma wa ya ce ba zai taka ko nan da can ba sai da kyanwarsa? 'Yar ramammiyar magen nan da kika tsinta a bayan masallaci, kika sa mata suna Lawban, yadda 'yan China ke kiran mai shago, don kin ce a gidanmu ita ce mai ba da umarni, ni ɗan aike ne kawai.

Da sabuwar shekararsu ta matso, kasuwannin Tianhe suka fara rufewa, muka kama hanyar duwatsu. Ya hasken raina, wace irin tafiya ce wannan! Duwatsun Guangxi a tsattsaye cikin hazo kamar turamen da aka kife, gonaki hawa-hawa har sama, ke kina dafa mana dafa-duka a bakin rafi da cikinki na wata biyar, Lawban ta hakimce a gaban gilashi tana harara ta duk lokacin da na taka burki. Kika ce ashe Dala da muke taƙama da shi suri ne, idan kin koma Kano sai kin gaya wa mutane gaskiya. Ban taɓa jin kin yi dariya kamar ta kwanakin nan ba, kuma tun daga nan ban sake jin ta ba.

Sai ƙanƙara ta rutsa da mu a duwatsun Guizhou. Titi ya zama gilashi, manyan motoci suka yi layi babu gaba babu baya, kwana uku. Mai ya ja baya, na kashe injin da ke ɗumama mu. Duk wanda na tambaya sai ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu. Leɓunanki suka yi baƙi don sanyi. Sai na tuna ɗakin Innata lokacin hunturu: kasko, garwashi, a ja ƙofa, a kwanta lafiya. Na gangara ƙauyen da ke ƙasa na samo gawayi, na hura shi a tukunyarki ta miya, na shigo da shi, na bi duk wata kafa na toshe da tsumma. Ina ta murna, wai ni mai dabara.

Kin ce in bar taga ɗaya a buɗe. Kin faɗa, Zulaiha, har sau biyu. Na yi miki dariya, na ce da garwashi aka raine ni kuma ga ni da raina. Wawa! Na manta ɗakin Inna na azara ne, ƙofarsa asabari, iska na shiga ta ko'ina. Ita kuwa motar nan da roba aka liƙe ta kamar bakin firji. Bayan azahar kai ya fara sara mana, barci mai nauyi ya danne mu. Lawban ta dinga kuka tana karta ƙofa da farata. Na ce ki rabu da ita, sangarta ce. Rannan kaɗai kika taɓa ƙin bin maganata: kika ja jiki kika buɗe ƙofar, kika faɗi a kan ƙanƙara, kyanwar ta tsallake ki ta ɓace cikin itatuwa. Iskar da ta shigo ita ta tashe ni. Da kin yi mini biyayya, da gawa biyu direbobin nan za su ciro.

Mu mun tsira, ɗanmu bai tsira ba. Namiji ne, na gan shi, ke ba ki gan shi ba. Da kika koma Kano a watan Maris, kika ce wa Hajiyarku sanyi ne ya yi sanadi, ni ma na bi bakinki na ce sanyi. Wata biyar ke nan kina rufa mini asiri, ni kuwa na lafe a bayan zanenki kamar ɓarawo. Idan na bugo waya ki gaishe ni da ladabi, ki tambayi kasuwa, ki ce a gai da mutane. Wayyo Zulaiha, gaisuwar nan taki ta fi bulala zafi! Ta yaya mace za ta ci gaba da zama da mutumin da ba ta iya yi wa faɗa? Na gane abin da ya sa kike neman takarda.

Ban gaya miki ba, amma da zafi ya shigo na rufe shago na sake ɗaukar motar. Sati uku ina bin ƙauyukan dutsen nan da hoton Lawban a waya, mutane na kallona kamar taɓaɓɓe. Na same ta a gidan wata tsohuwa mai sayar da gawayi, kunnen kyanwar ɗaya sanyi ya cinye rabi. Ni da Lawban muka bi sauran hanyar da muka tsara da ke, har Yunnan, inda gajimare ke kwana a ƙasan ƙafar mutum. Na tsaya a kowane dutse da kika zagaye da biro a taswira, kuma ko ɗaya bai yi mini kyau ba. Lawban tana cin abin da na ba ta, amma ba ta yarda in taɓa ta. Idan na ja ƙofar motar sai ta fara wannan kukan, irin na rannan, har sai na buɗe. Na kai wa makanike ya cire gilashin tagar gadonki gaba ɗaya. Ruwan sama na jiƙa katifar, na bar shi.

Yau a harabar masallaci na gaya wa Umar Faruƙ komai: gawayin, tsumman, da gargaɗinki da na yi wa dariya. Na roƙe shi ya faɗa wa Hajiya, kada ki ƙara ɗaukar ƙaryar nan a kanki ko da na yini ɗaya. Ya sa takalminsa ya tafi.

Ya abar ƙaunata, farin watana, ba zan riƙe ki da ƙarfi ba. Idan kin karanta wannan kuma har yanzu takardar kike so, zan rubuta, ko da hannun zai shanye. Alfarma ɗaya nake roƙo kafin nan. Ki kira ni, kada ki gaishe ni, kada ki tambayi kasuwa. Ki ɗaga murya ki ce mini ni na kashe miki ɗa, ki zage ni, ki yi kukan da kika haɗiye tun a asibiti. Zan tsaya in saurara har ki gama, kuma wannan karon ba zan ce na fi ki sani ba.

Naki ne ni da aure ko babu aure, har ranar da za a mayar da ni ƙasa, kuma babu macen da za ta zauna a kujerarki ta gaban motar nan.

Mijinki, idan kin bar mini sunan,
Shitu