Ramin da Aka Bar Mana Tsakanin Tudun Kanya da Kwarin Marke

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar Dokokin Jiha mai wakiltar mazaɓarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Allah ya dafa maka a kan nauyin da ka ɗauka.

Ranka ya daɗe, sunana Haladu Garba, manomi a Tudun Kanya, ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke cin kasuwar Gezawa. Ban rubuto a fili don in ci maka fuska ba. Na je ofishinka, na je majalisa, na aika ta bakin dagaci, har yau ban samu amsar da zan kai wa mutanena ba. Yanzu kuma bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, lokacin jira ya ƙare mana.

Na farko, yadda aka yi ramin.

Tsakanin garinmu da Kwarin Marke hanyar burji ɗaya ce, kuma ƙorama ɗaya ta ratsa ta. A kan ƙoramar akwai tsohon kwalbati tun ina saurayi. Ya tsufa, bakinsa ya gutsuttsure, amma yana aikinsa: ruwan damina ya bi ta ƙasa ya wuce fadama, motocin taki daga birni su bi ta sama. Da aka sa sabon kwalbati a kasafin kuɗin bara, kai da kanka ka zo ka yi mana albishir a ƙofar masallaci, muka yi ta sa maka albarka. Da rani ɗan kwangila ya kawo katafila ya fasa tsohon, ya haƙa ramin da zai shanye mutum a tsaye, ya kakkafa rodi, ya jibge ƙasar da ya haƙo a tsakiyar hanyar ruwa. Daga nan aiki ya tsaya. Muka tambaya, aka ce kason farko kaɗai aka biya shi, ragowar yana cikin ƙwarya-ƙwaryar kasafin da gwamnati ta aika muku, ku kuma kun dare gida biyu a kansa. Wata safiya aka zo aka ɗauke katafilar, babu wanda ya yi mana sallama.

Na biyu, abin da ruwa ya yi.

Ka san yadda gonakinmu suke a nan. Ba su da faɗi, layin gamba ne kawai ke raba ta wannan da ta wancan, babu wani fili da ba shi da mai shi. Ruwan da ya bar gonata gonar maƙwabcina zai shiga. Da damina ta kankama, ruwa ya zo ya tarar da tulin ƙasa a hanyarsa, sai ya koma baya ya kwanta a gonakinmu. Gerona ya kai gwiwa a lokacin. Na shafe rani ina kai masa taki da amalanke. Ina tsaye a kan iyaka ina kallo ya yi rawaya, ya kwanta, ya ruɓe. Gyaɗar matata Hajara ko iri ba ta mayar ba. Ni da na saba kai damin zakka, bana awo nake yi a kasuwa.

Da a ce asarar amfanin gona ce kaɗai, da na yi haƙuri na yi shiru, domin ba yau manomi ya fara asara ba.

Na uku, abin da ya shiga tsakaninmu da maƙwabtanmu.

Da samarin garinmu suka ga ruwa yana neman shiga gari, sai suka ɗaga jinga da buhunan yashi suka karkatar da shi. Ruwan ya gangara Kwarin Marke, ya ci katangu, ya kayar da ɗakuna. Cikin gidajen da ya taɓa har da na Malam Iliya, surukina, wanda ɗansa yake auren 'yata Hadiza. Washegari mazan garinsu suka fito da fartanyu za su fasa jingar, namu ma suka fito. Mutanen da ke jana'iza tare, suke auratayya tun kakanni, suka tsaya suna nuna wa juna yatsa. Kafin a ankara magana ta bar ruwa ta koma jam'iyya. Garinmu kai ya zaɓa, su kuma ɗaya ɓangaren suka yi. Namu suna cewa 'yan majalisarsu ne suka hana kuɗin fita, nasu suna cewa gwamnatinmu ce ta fasa kwalbatin da ba ta shirya ginawa ba. Kowa yana maimaita abin da ya ji gwaninsa ya faɗa a rediyo.

Yayana Malam Sule, dattijo mai farin gemu, shi ya shiga tsakani yana ba da haƙuri. A cikin turereniyar aka sauke masa ƙotar fartanya a kafaɗa. Mota ba ta iya ƙetare ramin, don haka a amalanke muka kwantar da shi, muka zaga ta bayan gonaki kafin mu kai bakin titi. Har yau hannun ba ya ɗaguwa, matarsa ce ke sa masa riga. Na ga wanda ya buge shi. 'Yan sanda sun tambaye ni ban faɗa ba, domin na san ranar da sunan ya fita daga bakina, sai an ƙone wani gida.

A cikin wannan hali Hadiza ta haihu. Dagaci ya hana mazan garinmu ƙetarawa, saboda haka ban je sunan jikana ba. Hajara ce ta taka katakon da aka gindaya a kan ramin ta tafi ita kaɗai, ta dawo ta kwatanta mini fuskarsa.

Na huɗu, abin da na gani da idona a majalisa.

Bayan sunan, Malam Iliya ya ƙetaro da rana tsaka, kowa yana kallonsa, ya yi sallama a zaurena. Ya zauna, sannan ya ce, "Malam Haladu, ni da kai ba mu muka haƙa ramin nan ba. Tashi mu je wurin waɗanda suka haƙa."

Muka shiga mota ɗaya zuwa birni. Aka bar mu muka hau bene inda baƙi ke zama. Tun hantsi muna saurare. Wani ya miƙe ya ce an tattara ayyuka an kai mazaɓun ɓangare ɗaya. Wani ya ce ƙarya ne. Aka koma kan rancen da gwamnati ke son ciwowa, daga nan aka koma kan wanda ya cancanci riƙe kwamitin kasafi. Murya ta yi sama, aka fara buga tebur, ɓangare ɗaya suka tattara manyan rigunansu suka fice, aka ɗage zama. Babu wanda ya ambaci hanyarmu ko wata hanya.

Mun tare ka a wurin ajiye motoci, kuma ka tsaya ka saurare mu, na yaba maka da wannan. Ka ce ku kun shirya amincewa, wancan ɓangaren ne ya ƙi. Malam Iliya ya nemo wani ɗan majalisa na jam'iyyarsu, shi kuma ya ce ba za su sa hannu ba sai an cire rancen, don jikokinmu ne za su biya. Ban ce ɗayanku ya yi ƙarya ba. Na san bin diddigin kuɗin jama'a aikinku ne, don shi muka tura ku. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda za a sa aikin da an riga an fasa tsohonsa cikin buhu ɗaya da abin da kuke jayayya a kai. Aikin da ba a fara ba yana iya jira. Ramin da aka haƙa a hanyar ruwa ba ya jiran kowa ya gama muhawara.

Na biyar, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

An ce an sake sa aikin a kasafin bana. Mun ji, amma ba mu ga ko buhun siminti ɗaya ba. Bayan kaka, dagatan biyu da limamai suka zaunar da mu, muka yafi juna a baki, muka yarda mu yi aikin gayya: mu kwashe tulin ƙasar, mu sa bututun siminti, mu cike ramin da dutse. Garuruwan biyu suka fito. Ranar ce na fara ganin samarinmu da nasu suna ɗora wa juna kwando. Ba mu yi nisa ba sai ga wani jami'i daga ƙaramar hukuma, ya ce wurin yana ƙarƙashin kwangila, duk wanda ya taɓa shi ya ɓata aikin gwamnati, kuma za a kama shi. Mutane suka watse, kowa ya koma gefensa. Gwamnati ba ta gina ba, mu kuma an hana mu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka miƙe a zauren majalisa ka nemi a ware ayyukan da aka fasa aka bari, namu da na wasu, a saki kuɗinsu kafin ruwa ya sauka, ku ci gaba da jayayyarku a kan sauran. Ka nemi abokin aikinka na ɗaya ɓangaren ku zo tare, ku tsaya gaban garuruwan biyu ku gaya musu cewa saɓaninku ba nasu ba ne. Daga bakinku za su ji, ba daga nawa ba. Idan kuwa duk wannan ya gagara, ka samo mana takardar izini mu gyara da hannunmu.

Sulhun da ke tsakaninmu ɗanye ne, ba zai jure wata ambaliyar ba, kuma wannan karon ba na jin za a tsaya a kafaɗa. Don haka ina sanar da kai tun yanzu: idan ruwan shuka ya sauka ba mu ji daga gare ku ba, ni da Malam Iliya za mu ɗauki shebur mu shiga ramin. Wanda aka aiko kamu ba zai sha wahalar nema ba, a ciki zai same mu.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ku gama lafiya, ya ba ku ikon sauke amanar da za a tambaye ku a kanta. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Haladu Garba,
Tudun Kanya.