Jijiyar da Na Tsinke

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya kasuwa? Ƙafar Baba ta yi sauƙi kuwa?

Ni lafiya lau nake, kada ku damu. Nama ne dai kwana biyu ba na iya ci, kuma warin maganin da ake adana gawa da shi ya ƙi barin rigunana.

Ka san yadda na taho karatun likita ina taƙama, wai ɗan mahauci ba ya tsoron wuƙa. Ranar da aka ba mu hannun gawar wani dattijo mu buɗe, abokan karatuna na ta ɗari-ɗari, ni kuwa nan da nan na raba tsoka da ƙashi. Malama ta leƙo ta ce, "Ina jijiyar da na ce ku nemo?" Ashe na tsinke ta ban ma gan ta ba. Ta ce, "Da mai rai ne, shi da riƙe cokali har abada."

Yaya, irin farin zaren nan ne fa da muke zarewa mu jefa wa karnuka.

Gwaji ne aka yi mana ranar, kuma na faɗi. Nan da mako biyu za a sake gwada ni a ɗaya hannun nasa. Kullum ni nake fara zuwa ɗakin da gawar take, in yi wa dattijon addu'a, in yi ta koyon riƙe aska kamar alƙalami.

Kada ka gaya wa Baba tukuna, ka dai ce ya sa min albarka. Hannu ɗaya ya rage wa dattijon nan, kuma wallahi ba zan ɓata masa shi ba.

Ƙaninka