Jinjirin Korahane Ya Kama Nono

Dakoro, daren Laraba, watan Janairu

Jinjirin da aka kawo asibitinmu daga ƙauyen Korahane ya kama nono yau. Da tari ya zo, ƙirjinsa na ƙara kamar usur, sai zazzaɓi ya biyo baya, ciwo kan ciwo. Tun tafiyar doktanmu Nasara ba a aiko mana wani dokta ba, ni kaɗai ma'aikacin jinya nake ta yi masa allura cikin tsoro.

Uwarsa Buzuwa ce, ba ta jin Hausa. Da ya fara tsotso, ta riƙe hannuna ta yi doguwar magana tana hawaye. Ban gane komai ba. Na ce, "Alhamdu lillahi, baiwar Allah." Ta maimaita.

Na yi sauri gida in ba matata labari. Sai a bakin ƙofa na tuna tana Tasawa wurin iyayenta.