Ƙarfen da Na Ɓoye Maka

Zuwa ga maigidana Sarjan,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Na san wagga takarda ba za ta iske ka ba. Babu direban Gaya ko na Kandi da ya san hanyar inda kake. Amma ƙirjina ya cika, kuma kai kaɗai nake iya sauke wa.

Damina biyu ke nan da tafiyarka. Gida lafiya. Ɗiyarmu Sa'a ta haifi namiji, an sa masa sunanka, shi ya sa bakina ba ya iya kiransa, sai dai in ce Maigida. Kekenka yana jingine a zaure, tayoyin sun sace, na hana kowa taɓa shi.

Dorinai sun dawo Garou. Sun tattake shinkafar bakin kogi tun ba ta fid da kai ba. Dattawan garin suka zo wurin ƙanenka Idi, suka ce bindigar yayansa tana hannunsa, jandarma ma sun mai da takardar izinin da sunansa, to ya tsaya musu wajen korar dorinan kamar yadda ka tsaya. Ka san Idi. Tela ne, ƙarfen da ya sani allura ce da almakashi. Ga shi tun da Najeriya ta rufe iyaka sabon harsashi ya ɓace a kasuwa, dole sai an sake cika tsofaffin kwanson harsashi yadda kake yi.

Ranar Laraba ya zo ya durƙusa, ya roƙi akwatinka. Da na buɗe, warin man bindigar nan ya bugi hancina. Ƙarafan matse kwanso guda uku suna nan a naɗe cikin tsohon kakinka. Idi ya zauna inda kake zama, tun hantsi har azahar yana gwadawa. Ɗaya ya yi wa kwanson faɗi, ɗaya ya ƙi karɓarsa, na ukun gajere ne. Ya tambaye ni ko ya ɗauki mai faɗin ya lallaɓa, ko ya kai wa maƙeri ya ƙara wa ƙaramin rami. Sai na ji maganarka tana fita daga bakina, cewa kowace bindiga da nata ƙarfe kamar ƙafa da takalmi, kuma wanda ya tilasta ƙarfe, fuskarsa ce za ta biya. Ya ce to ina nata yake. Na ce ban sani ba.

Sarjan, ƙarya na yi masa, kamar yadda na yi maka.

Ka tuna shekarar da sojoji suka sauya wa ƙasa suna? Ka shigo gida jiƙe sharkaf, dorina ta kife muku jirgi, masuncin da ke tuƙa ka bai fito ba. Da gari ya waye na ga ka shimfiɗa tabarma, ka jera kwanso kana cikawa, kamar ba abin da ya faru. Ina da cikin auta a lokacin. Da ka tafi jana'iza, na ɗauki ƙarfe na huɗu, wanda tafin hannunka ya goge har yana sheƙi, na naɗe shi a tsumma mai mai, na tura ƙasan kwallar da na zo da ita gidanka.

Kwana uku kana nema. Ka share ɗaki, ka zazzage buhuna, har rijiya ka sa aka yashe. Ka je Gaya, ka je Dosso, ka aika Parakou, ba a samu irinsa ba. Ba ka tambaye ni ba ko sau ɗaya. Daga baya ka rataye bindigar, ka koma kasuwa kana auna wa mutane albasa.

Shekara takwas na samu da kai bayan nan, kuma ba zan ce ban gode Allah ba. Amma mutumin da ke yin fito da baki yana goge bindiga da safe bai sake zama a tsakar gidana ba. In mutanen Garou sun gaishe ka, sai ka amsa kana kallon ƙasa. Ni na yi maka haka. Ka sani? Akwai ranar da nake ciro zane daga kwallar, ka tsaya a bakin ƙofa kana kallonta, ka daɗe, sannan ka juya ka fita. Me ka gani ran nan? Me ya hana ka yi mini faɗa, ko na huta?

Na bar Idi ya tafi hannu wofi. Ranar Juma'a wata mata ta zo daga Garou neman aikin daka, da goyo a baya, ta ce mutanen garin sun soma cin irin shukarsu don yunwa. Tana fita na buɗe kwallar. Na ciro ƙarfen, na kai wa Idi har shago. Ya sa kwanso, ya shige daidai ba gardama. Bai tambaye ni inda na samo shi ba, ya dai sunkuyar da kai. Ashe shirun nan na gidanku ne.

Na sa ya rantse ba zai taɓa albarushi ba sai ya je Guéné wurin abokinka Kafaran, wanda kuka yi soja tare. Idonsa ya dushe, amma hannunsa bai manta ba. Na kuma faɗa masa abin da kake cewa, a fara harbin iska, dorina korarta ake yi, ba gaba ake da ita ba. Jiya ya hau mota ya tafi. Matarsa ta wuce ni a bakin rijiya ba ta gaishe ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ina kewarka, Sarjan. Ina kewar tarinka na asuba, da yadda kake cin tuwo da sauri kamar ana busa muku ƙaho. Na so in rubuta cewa da za a mai da ni waccan safiya, da na bar maka ƙarfenka. Amma ba zan ƙara maka wata ƙarya ba. Zan sake ɗauka. Ka yafe mini duk da haka.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

Taka har gobe kiyama,
Ramatu, daga Malanville