Na Bar Surukata a Gidan Mai, Ku Kuma Kun Bar Allonku a Ofis

Zuwa ga Shugaban masu kula da zirga-zirgar ababen hawa na yankin Gashua da Nguru.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaranka masu tsayuwa a inuwar danja. Ni direban napep ne a Gashua, uban 'ya'ya biyar. Bokona a aji biyu na sakandare ya ƙare, don haka in ka ga tuntuɓe a rubutun nan, a yi haƙuri.

Bari in fara da nawa laifin. Jajibirin sunan 'yar da aka haifa mini, na je tasha ɗauko surukata da ta taso daga Dagona da buhun shinkafa da bandar kifi. Ka san mutum ba ya haɗa ido da surukarsa, sai na karkatar da madubina gefe. Na tsaya shan mai, ashe ta sauka gaisawa da wata 'yar garinsu. Na ja keke na tafi. Ina tafe ina tambayar mutanen gida da amfanin gona, na ji shiru, na ce kai, tsohuwar nan akwai kawaici. Buhun shinkafa nake gaisarwa.

Sai a mahaɗar da aka kafa sabuwar danja wani mai babur ya tarar da ni, ya ce akwai wata Iya can baya tana ɗaga hannu. Na duba gaba, na duba gefe, babu allon da ya hana juyawa. Kore ya kama, hanya ba kowa, na yi kwana. Ban gama miƙe kai ba yaronka ya zare mini makulli. Nawa laifin ya ƙare a nan. Ga naku:

Na ɗaya. Yaranka uku ne a wurin, kowa da dokarsa. Na farko ya ce ba a juyawa a kowace danja a duniya. Ban san ƙasashe nawa ya zaga ba. Na biyu ya ce ana juyawa, amma ba irin juyin da na yi ba. Na uku, Allah ya saka masa, ya ce akwai allon hani, yana jingine a ofishinku, ba a samu mai haƙa rami ba. To ranka ya daɗe, mu riƙa biyowa ofis kowace safiya muna karanta shi kafin mu fita aiki?

Na biyu. A Nguru na koyi tuƙi, wajen mutanen da suka tsufa a kan sitiyari. Abin da suka koya mini shi ne, inda ba a hana ba, kuma ba ka tare wa kowa hanya ba, ka juya. In doka ta sauya ne, wa aka faɗa wa? Ina jin rediyo kullum, har sanarwar ɓatan akuya ba ta wuce ni.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Na roƙe su in je in ɗauko surukata in dawo, suka ce in na gusa za a ja keken da kayanta zuwa ofis. Na tura mai babur, ta ƙi hawa, ta ce surukinta na nan tafe. Tun azahar tana zaune kan dakalin gidan mai har rana ta yi ja. Sannan aka miƙo mini makullina, ba takarda, ba sunan laifi, wai an yi mini afuwa. Afuwar me?

Ina roƙon abu biyu. Ka fito ka faɗa mana da Hausar da ɗan aji biyu zai gane: ana juyawa a danjar da ba ta da allon hani, ko ba a yi? In ba a yi, a kafa allon. Ina da diga, ramin kyauta ne.

Ita dai Iya, duk wanda ya shigo barka sai ta gaya masa, cikin murmushi, cewa ai ɗan gaba kawai na yi. Da ta zage ni da na fi samun barci. Matata ta ce in an yi arba'in ni zan mayar da ita har ƙofar ɗakinta a Dagona, in durƙusa gaban 'yan'uwanta in faɗi abin da ya faru da bakina. Hanyar kuwa ta wannan mahaɗa ta bi, don haka ina son amsarka kafin ranar.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara girma, ya tsare ka daga jiran da ba ka san ƙarshensa ba. Ni dai na miƙe madubina, kunya ko ba kunya. Saura allonku.

Wassalam.

Naka,
Direban napep mai laifi rabi,
Gashua.