Akwati Biyu a Fom ɗin Cibiyarku

Duluth, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu Wendell,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya kai da Anti Noreen, kuma zafin Tucson ya sassauta maka ciwon gwiwa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ƙanƙara da ta ƙi ƙarewa. Mama ta warke daga mura har ta koma waƙa a coci, ni kuma ina gareji ina kokawa da tayoyin mutane.

To Kawu, yaushe rabonka da karanta fom ɗin da ake ba masu damuwa a cibiyar ba da shawara ta nan Duluth da kake shugabantar kwamitinta? Ni na karanta. Ban gama sakandare ba, amma laburare bai taɓa korata ba. Tambaya ta huɗu cewa take, namiji kake so ya saurare ka ko mace? Akwati biyu, shi ke nan. Ka kuma san shekara uku ke nan da Yaya Ellis, masu aikin sauraren mutane a cibiyar, suka faɗa mana cewa su ba namiji ba ne, ba mace ba, a riƙa ce musu "su". Kana wurin, a teburin Mama, kana yanka talotalo, ka ce ai ba komai.

Ga abin da ba komai ya haifa. Wanda ya zaɓi namiji, kwamfuta ta tura shi wurin maza. Wanda ya zaɓi mace, sai wurin mata. Yaya ba sa cikin ko ɗaya. Tun Satumba da aka kawo fom ɗin, mutum biyu kacal aka turo musu, su ma don sun ambaci sunan Yaya da baki. Shekara bakwai suna janyo matasa daga bakin rami, yanzu ga su zaune suna ba furen ofis ruwa! Sun je wurin manaja, Misis Halvorsen, ta ce su daure su zaɓi akwati ɗaya, ai don kwamfuta ne kawai, kwamfuta kuwa ba ta gulma. Darlene mai karɓar baƙi cewa ta yi a cilla kwabo sama ya zaɓa musu akwati a huta, ta yi ta dariya ita kaɗai. Makon jiya sai ga takarda, wai jama'a ba sa neman Yaya, don haka aikinsu zai ƙare a watan Maris. An garƙame ƙofa da kwaɗo, an dawo ana tambayar ina baƙi.

Na ce zan je in kifar musu da tebur, Yaya suka ce in zauna, wai bakina ya fi hankalina gudu. Su abin da ya fi damunsu wata yarinya ce da sai da ta yi wata huɗu tana zuwa kafin ta iya buɗe baki. Yanzu za a miƙa ta ga baƙuwar fuska, a ce ta faro daga farko. In ba ta koma ba fa?

Na san za ka ce ba ka son a ga kamar ka yi son kai don jininka ne. Ban roƙi alfarma ba. Na karanta dokokin kwamitinku kaf, ba fom ɗin da ke fita sai shugaba ya sa hannu. Sa hannunka ne a ƙasan wannan, Kawu, na san shi daga katin Kirsimeti. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ka gaida Anti Noreen. Mama na gaisuwa, ba ta san na rubuto ba, Yaya ma haka.

Ranar uku ga Maris kwamitinku zai zauna, ƙofa a buɗe ga kowa. Zan zo da man gareji a hannuna in zauna a layin gaba. Kada ka bugo mini waya, kada ka aiko manaja. Ka hau jirgi ka zo, ka ɗaga fom ɗin a gaban mutanen gari, ka nuna mana akwatin da mutum zai taɓa ya sami Yaya Ellis.

Ɗan ƙanwarka,
Corwin