Ɗan Yayata Yana Kauce Mini A Ƙarƙashin Kwando

Tanti Rahina, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin Asabar ta makon gobe za a yanke magana. Shekara shida ke nan rabona da Damagaram. Tun da na hau babbar motar kar a tasha ban sake ganin duwatsun Birni ba sai a waya.

Ƙwallon kwando ce sana'ata, a wani kulob a ƙasar Larabawa, bakin teku. Ni pibo ne, wato dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, ya tare, ya ture, ya kwaso ƙwallon da ta ƙi shiga. Haka malaminmu na farko, Mushe Nomau, ya koya mana a filin siminti na gidan samari: mutum biyar, aiki biyar. Mai rabo ya raba ƙwallo, masu harbi su harba daga nesa, dogo ya tsare gida. In ya ga na fita bayan layin maki uku, sai ya sa ni zagaye fili har jiri ya ɗebe ni. Yau shekarata talatin da huɗu, ban san wani wasa ba sai wannan.

Bana aka kawo sabon mai horarwa. Ya ce shi ba shi da pibo, ba shi da mai rabo. Mutum biyar kawai yake so, kowa ya iya gudu, kowa ya iya harbi daga nesa, kowa ya tsare duk wanda ya faɗo gabansa. Da fari na ce wasan yaran unguwa ne. Amma ba zan yi masa ƙarya ba, tsarinsa yana ci. Na ga yadda ake janyo ni waje, a haɗa ni da wani ɗan firit mai gudu, ya wuce ni kamar an dasa ni, kwando a buɗe ba mai tsaro. Ga gwiwata ta hagu. Duk juyin da na yi sai ta yi ƙara, da safe ta kumbura. Ƙanƙara nake ɗaura mata a ɗaki, ban bari likitan kulob ya gani ba.

Duk wannan ba shi ne ya sa na rubuto ba. Bara ni da kaina na roƙa aka ɗauko Suma'ila, ɗan yayata Lubabatu, don a gwada shi. Shekararsa ashirin da ɗaya. Yaron nan kamar don sabon wasan aka halicce shi: yana da tsawo, yana da gudu, yana harbi, yana rabo. Kulob kuwa baƙi biyu kaɗai zai riƙe. Gurbi ɗaya wani Ba'amurke ya riga ya sa hannu. Saura ɗaya. Ni ko shi.

Ke ƴar gida ce, kin san yadda ɗa yake da kawunsa. Ni na ja ragon sunansa daga kasuwa. Bai taɓa kiran sunana ba, ba ya haɗa ido da ni, ba ya sa hannu a kwano sai na sa. A tsohon wasa kowa da mutuminsa, da wuya mu yi gaba da gaba. A wannan sabon kuwa ana ta musanya, sai ga shi a gabana ba adadi a atisaye ɗaya. Kuma duk lokacin sai ya kauce. In na ɗaga ƙwallo ba ya buge ta, alhali hannunsa ya kai. In ya taso sama zai danna ƙwallo cikin kwando ya tarar ni ne a ƙasa, sai ya murɗe jikinsa a iska don kada ya haye kaina. Ran Talata ya yi haka ya faɗo ta baya. Tsakanin ƙeyarsa da ƙarfen gindin kwando bai kai tafin hannu ba. Har yanzu ina jin ƙarar faɗuwar a kunnena. Ya miƙe yana kaɗe wando, wai kuma shi ke ba ni haƙuri.

Mai horarwa bai san komai game da kunya irin tamu ba. Gani yake yaron tsoron karo yake. Ya ja ni gefe ya tambaye ni, tunda garinmu ɗaya, ko Suma'ila matsoraci ne. Tanti, na ɗaga kafaɗa na ce ban sani ba. Na sani sarai. In na ci gaba da yin shiru, gurbin nawa ne.

Daga gida ma ba sauƙi. Lubabatu ta kira ta ce Iya Aisa, mahaifiyarmu, ta yanke: in dole ɗaya ya komo, ƙarami zai komo, tunda kawunsa ne ya kai shi. Shi ma Suma'ila ya ji, ya amsa da to. Ya kamata in ji daɗi, sai na ji ɗaci. Shekara shida ina aike, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar ƙafar da ke nemo abin. Ban ga laifinsu ba, ni ban faɗa ba. Amma in na komo, wane aiki ke jiran mutum mai tsawon mita biyu da gurguwar gwiwa? Gadin shago?

Ran Asabar za a raba mu ɓangare biyu, shugaban kulob zai zauna ya kalla. Jikina yana ba ni ɗayanmu ba zai fita daga filin nan da ƙafarsa ba. Ko gwiwata ta ɓalle a waje ina bin yara, ko wuyansa ya karye a ƙarƙashin kwando yana kauce mini.

Don ki san inda nake tsaye, ga abin da na tara: fili ɗaya a hanyar Takieta ba a gina ba, bulo dubu biyu a jibge, da jikka ɗari takwas na sefa a ajiye. Shi ke nan.

Dogon Birni

*

Ƙanena Dogon Birni,

Mu fara da ƙarfen nan da ke gindin kwando, sauran duk za su iya jira. Yaron da ke murɗe jiki a sama zai sake faɗuwa, kuma ba kullum ake samun tafin hannu tsakani ba. Wannan ba maganar Asabar ba ce, ta yau ce.

Kunyar Suma'ila tarbiyya ce, ba wanda zai zarge shi. A tsakar gida ado ce, a fili kuwa za ta iya kashe shi. Kuma mutum ɗaya ne a duniya zai iya sauke masa ita: kai. Kada ka lallashe shi, zai ce to ya ci gaba da kaucewa. Ka ba shi umarni irin na kawu. Ka kira Lubabatu a waya yana zaune, ka faɗa a kunnenta cewa daga yau in ya ƙara kauce maka a fili, saɓa maka ya yi. Iya Aisa ta yanke hukuncinta ne ba ta san da gwiwa ba, ba ta san da faɗuwa ba. Ka gaya mata duka biyun. Uwa ce, ba za ta so riƙe gurbi da wuyan jikanta ba.

Sannan ka koma wurin mai horarwa ka gyara amsarka. Ba dogon bayani: yaron ba matsoraci ba ne, ɗan yayarka ne, a wurinmu ba a haye kan kawu. Na san abin da wannan zai iya jawo maka, ba na raina shi.

Batun wasan kansa, na tambayi wata maƙwabciyata mai horar da ƴan mata a lise, wato sakandare. Ta ce Mushe Nomau bai koya maka ƙarya ba. Har gobe akwai kulob-kulob masu biyan dogon da zai tsare gindin kwando, domin ranar da harbin nesa ya ƙi shiga, shi ake nema. Amma ta ce irin naka yanzu ba ya buga wasa daga farko har ƙarshe, shigowa yake ya yi aikinsa ya fita. Shi kuwa mai horar da ku ya riga ya zaɓi hanyarsa, kai ma ka shaida tana ci. Ko ka samu gurbin da shiru, kakar wasa ɗaya ce za ka yi kana bin yara da gwiwa mai ƙara, sannan ka komo ka riƙa gaisawa da Lubabatu kana sunkuyar da kai.

Ka je wurin likitan ƙashi na waje a makon nan, a ɗauki hoto. In ya hana ka Asabar, ka hanu. In ya bari, ka buga da duk ƙarfinka, kada kai ma ka shiga kauce masa, kuskuren ɗaya ne. Tun yanzu ka sa a nema maka kulob mai wasa da pibo, ka kuma tambayi yadda ake samun takardar horarwa. Dogayen yaran Damagaram suna buƙatar wanda zai koya musu tsayuwa a ƙarƙashin kwando, da kuma fita daga ƙarƙashinsa.

Fili da bulo dubu biyu ba gida ba ne tukuna, amma ba hannu wofi ba ne. Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya sa ran Asabar ku fito daga filin nan kowa a kan ƙafafunsa, kai da ɗanka.

Tanti Rahina